Zanen Kwamfuta: Aikin Gayya Ne, Ba Na Gwani Ɗaya Ba

A gidan adana tarihin kwamfuta da ke Mountain View, cikin jihar Kaliforniya ta Amurka, akwai wata farar butar shayi ta tangaran da aka killace cikin gilashi. Ba daga fadar wani sarki ta fito ba. A wani kanti aka saye ta a birnin Salt Lake City, kuma an sha shayi da ita kamar kowace buta. Abin da ya kai ta gidan tarihi ya faru ne a shekarar 1975, lokacin da wani ɗalibi ɗan Ingila mai suna Martin Newell, wanda yake neman digirin digirgir a Jami'ar Utah, ya rasa abin da zai gwada lissafinsa a kai. Sai matarsa Sandra ta nuna masa butar da ke gabansu. Ya zana ta a takarda mai layuka, ya auna lanƙwasarta, ya mayar da ita jerin lambobi, ya shigar da su cikin kwamfuta. Daga nan ya yi abin da ya fi duk wannan muhimmanci, wato ya bar lambobin a buɗe ga duk wanda yake so ya yi aiki da su.

Littattafan makaranta sun saba ba da tarihin kimiyya ta hanyar jera sunayen gwanaye: wane ya gano kaza a shekara kaza. Wannan hanya tana da sauƙin haddacewa, amma tana cusa wa ɗalibi wata gurguwar fahimta, cewa ilimi yana saukowa ne a kan mutum ɗaya mai baiwa, sauran jama'a kuwa 'yan kallo ne. Tarihin zanen kwamfuta, wato fasahar da take sa na'ura ta fitar da hoto daga lissafi tsantsa, ya ƙaryata wannan fahimta ƙarara. Gwanaye dai an yi su, kuma za a ambaci sunayensu. Sai dai abin da ya raya fannin shi ne wata 'yar ƙaramar al'umma ta masu bincike da ta ɗauki ɗabi'ar nuna wa juna aiki, da gyara wa juna, da ɗora tubali a kan na wanda ya gabata. Gayya ce aka yi, irin wadda kowa ke zuwa da fartanyarsa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin girman matsalar. Kwamfuta ba ta da ido, ba ta san buta ba, ba ta san inuwa ba. Lambobi kawai ta sani. Hoton da ake gani a fuskarta tarin ɗigo-ɗigo ne, kuma kowane ɗigo sai an lissafa masa launinsa. Fuska mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance, irin wadda aka yi aiki da ita a tsakiyar shekarun 1970, tana ɗauke da ɗigo 262,144. Kowane ɗayansu yana jiran amsar tambayoyi biyu: wane abu ne yake bayyana a nan, kuma yaya haske ya faɗa a kansa?

Wanda aka fi dangantawa da buɗe wannan fage shi ne Ivan Sutherland. A shekarar 1963 ya gabatar da kundin digirinsa a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, a kan wata manhaja da ya kira Sketchpad. Da wani alƙalami mai jin haske, mutum yana iya zana layi kai tsaye a fuskar na'ura, ya umarce ta da ta miƙar da shi, ko ta daidaita tsawonsa da na wani, ko ta kwafi siffa ɗaya sau da yawa, ta yadda in an gyara uwar siffar, 'ya'yan duk su gyaru. Babu mai ja da cewa wannan aikin gwani ne. To amma Sketchpad tana aiki ne a kan kwamfuta guda tak, mai suna TX-2, wadda ta cika ɗaki a wani wurin bincike da ba kowa ke shiga ba. Abin da ya fitar da ita duniya shi ne kundin da aka wallafa da kuma ɗan fim ɗin da aka ɗauka ana nuna yadda take aiki, wanda ya zagaya jami'o'i. Da an rufe su a durowa, da labarin ya ƙare a ɗakin.

Wannan ba zato ba ne, domin an ga irinsa a Faransa. A shekarar 1959 wani masanin lissafi mai suna Paul de Casteljau, ma'aikacin kamfanin motoci na Citroën, ya gano hanyar bayyana lanƙwasasshen layi da 'yan lambobi kaɗan, domin a tsara jikin mota. Kamfanin ya ɗauki abin a matsayin sirrin kasuwa, ya hana a wallafa shi. A kamfanin Renault kuwa, injiniya Pierre Bézier ya cim ma kusan wannan sakamako ta tasa hanyar a cikin shekarun 1960, kuma shi an bar shi ya yi rubutu, ya yi lacca. Sakamakon haka duniya ta san waɗannan layuka da sunan Bézier. Da su Newell ya auna butarsa, kuma da su ake zana siffar haruffan da ake bugawa a littattafai. Sai a shekarun 1970 masana suka tono rahotannin de Casteljau suka ga cewa shi ya riga. Ya yi asarar suna, wannan gaskiya ne, amma asarar da ta fi girma ita ce ta shekarun da bincikensa ya yi a kulle, ba wanda ya ɗora komai a kansa.

Wurin da gayyar ta fi haɗuwa shi ne Jami'ar Utah, nesa da manyan jami'o'in gaɓar teku da suka yi suna. A shekarar 1965 David Evans ya koma can domin ya kafa sashen ilimin kwamfuta. Da yake ya san ƙaramin sashe ba zai iya yin fice a komai da komai ba, sai ya zaɓi fanni ɗaya, wato zane. A 1968 ya jawo Sutherland, suka kuma kafa kamfani tare. Kuɗin binciken ya fito ne daga ARPA, wata hukuma ta ma'aikatar tsaron Amurka da aka kafa a 1958, wadda a wancan zamani take ba malamai kuɗi ba tare da ta tsare su da tambayar me za a samu gobe ba. Ɗaliban da suka taru a wurin ba su da yawa, kuma sun zo ne daga fannoni dabam-dabam, wasu daga lissafi, wasu daga kimiyyar fiziks, wasu daga injiniyanci. Na'ura ɗaya suke layi a kai, sau da yawa cikin dare, don haka kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake fama da shi.

Dubi yadda suka warware matsalar haske, domin a nan ne ɗabi'ar gayya ta fi fitowa fili. Hanya mafi sauƙi ta shigar da abu mai lanƙwasa cikin kwamfuta ita ce a rufe jikinsa da ƙananan faifai shimfiɗaɗɗu, masu kusurwa uku ko huɗu. A 1972 ɗaliban Sutherland sun yi haka da hannu: suka zana layuka a jikin motar Volkswagen ta matarsa, suka bi ta da ma'auni suna rubuta lambobi. Matsalar ita ce idan aka ba kowane faifai launi guda, abin yakan fito da ƙusurwoyi, kamar kwanon da aka bubbuga da guduma. Idon ɗan Adam kuma yana ƙara dagula lamarin. Ƙwayoyin da ke tantanin bayan ido suna danne wa maƙwabtansu murya, ta yadda duk inda haske ya sauya, ido yakan ƙara wa iyakar kaifi fiye da yadda take a zahiri. Ernst Mach ya bayyana wannan tun a 1865. Ke nan mai zanen kwamfuta yana kokawa ne da lissafi da kuma halittar ido a lokaci guda.

A 1971 Henri Gouraud, ɗalibi daga Faransa, ya kawo mafita: a lissafa ƙarfin haske a kusurwoyin faifan kawai, sannan a gauraya shi sannu a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya gwada dabarar a kan fuskar matarsa, wadda ya zana wa layuka ya auna. Hoton ya yi sumul, amma ya rasa ƙyalli, kamar an yi shi da alli. Bayan shekara biyu, Bui Tuong Phong, haifaffen Hanoi ta ƙasar Biyetnam, ya ɗauki aikin Gouraud ya ce maimakon a gauraya hasken, a gauraya alƙiblar da jikin abin yake fuskanta, sannan a lissafa haske sabo a kowane ɗigo. Ya kuma ƙara lissafin ɗan walƙiyar nan da ake gani a jikin tangaran ko tuffa. A 1974 Edwin Catmull ya nuna yadda za a liƙa hoto a jikin abu mai lanƙwasa, kamar yadda ake lulluɓe ƙwarya da zane. A 1976 Jim Blinn da Newell suka sa jikin butar ya riƙa nuna abin da ke kewaye da ita kamar madubi, kuma a 1978 Blinn ya gano yadda za a sa sumul ɗin abu ya yi kamar mai kaushi, irin na ɓawon lemo, ta hanyar ɗan karkatar da alƙiblar nan da Phong ya koya wa kowa ya kula da ita. Shekara bakwai ke nan, a gini ɗaya, kowane mataki yana tsaye a kan na baya. Wa za a ce shi ya ƙirƙiro hoton? Wanda duk aka zaɓa, an zalunci saura.

Akwai wata takarda ta 1974 da ba ta ƙirƙiro komai ba, amma ta cancanci a ambace ta fiye da wasu da suka ƙirƙiro. Tambayar wane abu ne yake gaba, wane ne ya ɓuya a bayansa, ta haifar da dabaru iri-iri, har da wadda John Warnock ya gabatar a Utah a 1969. Sai Sutherland da Robert Sproull da Robert Schumacker suka tattara guda 10 daga cikinsu, suka baje su, suka rarraba su dangi-dangi, kamar yadda masanin tsirrai yake rarraba ganyayen da ya tsinto. Suka gano cewa dukkansu aiki ɗaya suke yi, wato jera abubuwa bi da bi, bambancin kawai shi ne ta wace fuska kowace take fara jerawar. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai in masu dabarun sun baje kolinsu a fili.

A nan ne darajar butar Newell take bayyana, kuma ɗalibin ilimin halittu zai fi kowa saurin gane ta. Tun daga wajajen 1910, Thomas Hunt Morgan da ɗalibansa a Jami'ar Columbia suka duƙufa a kan ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, mai suna Drosophila. Ba don ƙudan ya fi sauran halittu daraja ba ne. Yana da arha, yana hayayyafa da sauri, kuma suna aika irinsa kyauta ga duk mai binciken da ya nema, don haka abin da aka gano a wannan ɗakin gwaji ana iya tabbatar da shi a wancan. Butar ita ce ƙudan masu zanen kwamfuta. Tana da ciki zagayayye, da mariƙi mai rami, da baki mai lanƙwasa, kuma tana iya jefa wa kanta inuwa. Duk wata sabuwar dabara sai ta nuna gazawarta a ɗaya daga cikin waɗannan. Idan mai bincike a wata jami'a ya ce dabararsa ta fi ta wani, ba sai an yi gardama ba: a kawo buta a gani. (Wadda aka saba gani a hotuna ta fi ta gidan tarihi gajarta, domin Blinn ya ɗan danne tsayinta, kuma a haka ta yaɗu.)

Dandalin da ake kawo butar a gani shi ne taron SIGGRAPH. Ƙungiyar ta faro ne a 1967 a matsayin ɗan kwamiti a ƙarƙashin ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, bisa ƙoƙarin Andries van Dam da Sam Matsa. Ta yi taronta na farko a 1974 a garin Boulder na jihar Colorado, da mahalarta kimanin 600. A 1997, a Los Angeles, sun haura 48,000. Yawan jama'a ba shi ne abin lura ba. Abin lura shi ne irin mutanen da ƙofar ta bari suka shiga. A taron 1980 wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing, Loren Carpenter, ya nuna fim na kimanin minti biyu na tsaunukan da ya gina da lissafi a lokacin hutunsa, kuma nan take kamfanin Lucasfilm ya ɗauke shi aiki. A 1984 Cindy Goral da abokan aikinta a Jami'ar Cornell suka aro lissafin da injiniyoyi ke auna yaɗuwar zafi da shi, suka nuna yadda jan bango yake zuba wa farin bangon da ke kusa da shi ɗan ja. Suka gina akwati na gaske suka kwatanta shi da na kwamfuta, wato suka yi gwaji irin na ɗakin kimiyya. Catmull kuwa, da ya bar jami'a ya shugabanci masu bincike a wata cibiya a New York, sannan a Lucasfilm, sannan a Pixar, ya zaɓi mutanensa su riƙa wallafa abin da suka gano, alhali masu gasa da su suna karantawa. Hujjarsa mai sauƙi ce: aikin da ke gaba ya fi ƙarfin gida ɗaya, kuma gwanaye sun fi son zuwa inda ake barin su su yi magana. Fim ɗin Toy Story na 1995, na farko mai cikakken tsawo da aka yi shi gaba ɗaya da kwamfuta, ya zo ne shekara 23 bayan Catmull ya yi samfurin hannunsa na hagu, ya zana masa faifai kimanin 350, ya sa shi motsi a fuskar na'ura.

Kada ɗalibi ya ɗauka fina-finai ne kaɗai suka ci moriyar wannan. Lokacin da John Kendrew ya fitar da siffar furotin na farko a 1958, wato wanda ke riƙe iskar oksijin cikin tsoka, da wani irin yumɓu da sanduna ya gina samfurinsa, kuma samfurin da ya biyo baya daji ne na ƙarafa da wayoyi. A tsakiyar shekarun 1960 Cyrus Levinthal, masanin halittu a MIT, ya fara juya siffar furotin a fuskar kwamfuta, ya kuma bayyana aikin ga jama'a a 1966. A 1971 aka buɗe rumbun ajiyar siffofin furotin na bai ɗaya da siffofi bakwai kacal, kyauta ga kowa. Ya haura 100,000 a 2014. Aron kuma ya bi ta ɗaya ɓangaren. Tsarin da Aristid Lindenmayer ya ƙirƙiro a 1968 domin bayyana yadda gansakuka ke tsiro ƙwaya bayan ƙwaya, shi masu zane suka ɗauka suka riƙa shuka itatuwa da furanni cikin kwamfuta. A 1987 Craig Reynolds ya nuna cewa ƙa'idoji uku kawai, wato kada ka yi karo da maƙwabcinka, ka bi alƙiblarsa, ka kuma tsaya kusa da shi, sun isa su haifar da shawagin garken tsuntsaye ba tare da shugaba ba, kuma masu nazarin ɗabi'ar dabbobi sun ɗauki wannan da muhimmanci. Hatta zanen nan mai kama da naɗaɗɗen zare da ake nuna furotin da shi a littattafai, Jane Richardson ce ta tsara shi da fensir da hannunta, ta wallafa a 1981, daga baya kwamfuta ta kwaikwaya.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe masa baki ba. Zai ce kuɗi ne suka yi aiki, ba zumunci ba. Na'urorin suna da tsadar gaske, kuɗin na soja ne, kuma kamfanin Evans da Sutherland ya rayu ne da ƙera na'urorin koyon tuƙin jirgin sama. Duk wannan haka yake. Zai ƙara da cewa al'ummar ƙunci gare ta: kusan duk maza ne, a 'yan jami'o'i kaɗan na ƙasashe masu arziki, kuma matan da suka fi fitowa a labarin Utah su ne masu mota da fuska da buta. Wannan ma haka yake, kuma abin kunya ne. Sai dai batun kuɗi bai wadatar a matsayin bayani ba. Citroën ba ta rasa kuɗi ba, kuma ta riga kowa samun dabarar. Manyan kamfanoni da yawa sun fi sashen Evans na'urori nesa ba kusa ba. Kuɗi sun sayi gona da iri, amma ba su ne suka sa Phong ya karanta Gouraud, ko Blinn ya karanta Phong ba. Hasali ma, a farkon shekarun 1970 majalisar dokokin Amurka ta taƙaita kuɗin binciken soja ga abin da ke da amfanin soja kai tsaye, Sutherland ya bar Utah a 1974, ɗaliban suka watse. Fannin bai mutu ba, domin kowa ya tafi da ɗabi'ar, kuma suna da wurin haɗuwa kowace shekara. Warnock ya kafa Adobe tare da Charles Geschke a 1982, Jim Clark ya kafa Silicon Graphics, Blinn ya tafi yana zana wa jama'a tafiyar kumbon Voyager ta kusa da duniyoyin Jupiter da Saturn.

Ba kuma za a ce ɗabi'ar ta tsira ba tare da tabo ba. A 1987 wasu masu bincike biyu na kamfanin General Electric suka gabatar wa taron wata dabara ta haɗa hotunan asibiti yanka-yanka su zama siffar ƙashi ko ƙwaƙwalwa cikakkiya, amma kamfanin ya yi mata rajistar mallaka, har sai da wa'adin ya ƙare a 2005. Kafin nan wasu sun ɓata lokaci suna neman hanyar kewaye ta. A 2010 kuma ma'aikatar shari'ar Amurka ta tuhumi wasu kamfanoni, ciki har da Pixar da Adobe da Lucasfilm, da ƙulla yarjejeniyar kada su riƙa zawarcin ma'aikatan juna. Gidajen da suka tashi a kan yawon ilimi daga hannu zuwa hannu su ne suka nemi taƙaita yawon masu ilimin. Wannan ya nuna cewa buɗe ƙofa zaɓi ne da wasu mutane suka yi a wani lokaci, kuma ana iya janye shi.

Sutherland ya karɓi lambar yabo ta Turing, mafi girma a ilimin kwamfuta, a 1988. Catmull ya karɓi tasa tare da Pat Hanrahan a zagayen 2019. Phong bai ga ko ɗaya ba. Ya yi fama da cutar sankara, kuma ya rasu a 1975, yana da shekara 32, a shekarar da mujallar ACM ta buga takardarsa. Bai kafa kamfani ba, bai yi fim ba. 'Yan shafuka ya bari, a inda kowa zai iya karantawa, kuma bayan shekara biyu Blinn ya ɗauki lissafin ƙyallin ya sauƙaƙa shi, aka haɗa sunayensu biyu a kansa.